Rinin da Ya Ci Ganuwar Gulbare

A shekara ta goma sha ɗaya da hawan Sarki Cindo gadon Gulbare, tun ba a san wata aba wai ita bindiga ba a wannan yanki, abu biyu birnin ke taƙama da su, ganuwa da rini. Ganuwar kuwa sarakuna huɗu sun zo sun gwada ta, sun koma gida da kunya. Rinin kuma yana hannun Sarkin Karofi Tunau, shugaban marina, wani gajeren dattijo mai ɗan karen surutu, wanda hannuwansa suka yi shekara arba'in ba su ga asalin launinsu ba.

To, wannan Tunau shi ne ya rusa ganuwar. Kuma wallahi ba da gangan ba.

Mutumin gajiya ya yi da baƙi da shuɗi. Ya sa wa ransa sai ya samo rini ruwan ɗorawa wanda ba ya koɗewa, don rawayar da aka saba da ita wanki biyu take yi ta gudu. Ana nan sai fatake suka zo daga arewa da wani ruwa mai cin ƙarfe, irin wanda ake gwada zinariya da shi. Tunau ya karɓa ya yi ta haɗe-haɗensa har damina biyu, mutanen unguwa na cewa ya zautu. Ran nan sai ramin rininsa ya ba da launi tamkar garin ɗorawa. Ya tsoma riga guda da niyyar kai wa Sarki gaisuwa, ya shanya ta kwana uku, sannan ya kai ta mabuga, rumfar da ake bugun tufa da gudumar itace har ta yi sheƙi. Rumfar tana jingine da ganuwa ta gabas. Ya ajiye rigar a kan tukwane uku na ragowar rinin da ya manta da su can tun makon jiya, ya tafi abinsa.

Sarkin Bugu Jatau, amininsa tun ƙuruciya, yana dawowa daga sallar azahar sai ya hango wani bunsuru ya kutsa rumfar yana cin gefen rigar. Daga nesa ya ɗaga gudumarsa ya wurga masa.

Abin da aka ji, har yau tsofaffi ba su daidaita a kan sunansa ba. Wasu sun ce aradu ce ta faɗo ba hadari, wasu sun ce ƙasa ce ta yi tari. Da ƙura ta lafa, babu rumfa, babu riga, an sami giɓi a ganuwa mai faɗin taki ashirin. Jatau aka tsinto shi a kan rumbun maƙwabta, da ransa, sai dai kunnuwansa sun tafi hutu. Bunsuru kuwa ko ƙahonsa ba a gani ba.

Kwana uku da wannan, manzon Bagwandi Sarkin Kargo ya iso fada. Kargo ce babbar abokiyar gabar Gulbare, kuma kakan Bagwandi na cikin sarakuna huɗun da suka koma da kunya. Manzon ya tsaya gaban Sarki ko rusunawar kirki babu, ya ce, "Ubangijina Bagwandi, giwa mai tafiya da ƙasa, yana gaishe ka. Ya ce rundunarsa na bakin kogi. Ka ba shi Sarkin Karofinka ya riƙa rina wa Kargo tufa, ya juya. In ka ƙi, zai shigo ta ƙofar da ya ji an buɗe masa a gabas."

Aka fitar da manzo, aka tara majalisa, aka shigo da Tunau tsakanin dogarai biyu. Ya san in aka miƙa shi ga Kargo, shi da Gulbare sai a lahira, in ma Bagwandi ya bar kansa a wuyansa.

Galadima Anaruwa ne ya fara miƙewa, cikin farar riga wadda ko ƙuda ke jin nauyin sauka a kanta. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ganuwar da kakanninka suka gina da gumin dubbai, rana ɗaya marini ya kwantar da ita, kuma daidai lokacin da abokan gaba ke kan hanya. Ni ban ce an saye shi ba, amma ban ga abin da zai hana mai hankali ya faɗi haka ba. Kargo na son sa, mu kuwa mun ƙoshi da shi. A ba su, a huta."

Madawaki Nomau, shugaban mayaƙa, ya gyara zaman takobinsa ya ce, "Zaki, ni abin da ke damuna daban ne. Daga nan zuwa Kargo tafiyar kwana biyar ce. Yaya aka yi Bagwandi ya ji labarin giɓin kwana uku, har ya riga ya iso kogi? Wani ya kira shi tun kafin bango ya faɗi, giɓin nan gyara ne kawai ya samu. Sannan in gaskiya ne akwai abin da ke kwantar da ganuwa cikin ƙiftawar ido, to ni ba na son mai shi ya kwana a Kargo. A bar mutumin ya yi magana."

Sarki ya dubi Tunau ya ce, "Sarkin Karofi, mun san ba a roƙonka magana. Bismilla."

Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kwashe labari tun daga fatake har zuwa bunsuru. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rinin ne. Ba ya son duka. A ba ni izini in kawo shi nan a buga a gaban kowa, in ƙarya nake yi a yanka ni a ƙofar fada."

Aka ba shi izini. Ya ruga karofi ya ɗebo rinin daga rami, sabo, mai kauri, yana ɗiga. Wane marini ne zai kawo wa Sarki busasshen rini? Ai abin kunya ne. Jatau ya karɓi ƙwaryar, rini na zuba masa a hannu, ya ɗora ta a kan kututture a tsakar fada. Hakimai suka yi ta neman bayan ginshiƙi, Liman ya tuna yana da uzuri a zaure. Galadima kaɗai ya tsaya kusa, don a ga bai yarda da zancen ba. Jatau ya ɗaure guduma a bakin doguwar gora, ya yi kalmar shahada da ƙarfi irin na kurma, ya runtse ido ya sake ta.

Faca!

Ƙwarya ta fashe, rini ya yi tsalle ya wanke Galadima tun daga gemu har tafin hannu. Babu tsawa, babu hayaƙi, ko kazar da ke kiwo a gefe ba ta ɗaga kai ba. Sarki Cindo ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, fadawa suka taya shi. Tunau kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da dariya ta ƙare, hukunci bai canza ba. Sarki ya ce, "Sarkin Karofi, ina son ka, amma na fi son birnina. A gaya wa manzo ya ba mu kwana bakwai. Sarkin Magina ya toshe giɓin nan kafin su cika. Ranar ta bakwai a miƙa Tunau."

Galadima, yana goge gemu gemu na ƙara yin rawaya, ya ƙara da cewa a kwashe wannan la'anannen rini daga ramuka kaf, kada a bar ko cokali.

Kwana bakwai Tunau ya yi a tsare gidan Sarkin Dogarai yana juya abu ɗaya a ransa. Rini ɗaya, guduma ɗaya, Jatau ɗaya. Me ya sa can ya ci ganuwa, nan kuwa ya tsaya ga gemun Galadima? Ya tambayi dogarai, ya tambayi bango, har masu gadinsa suka roƙi a sauya su.

Ranar ta bakwai da hantsi aka fito da shi ta ƙofar gabas, manzon Kargo na gaba a kan doki, jama'a sun yi cincirindo suna kallo. Rana ta bazara tana dukan ƙasa ba sassauci. Tunau ya ɗaga kai don ya yi wa birninsa kallon ƙarshe, sai ya ga sabon ginin da aka toshe giɓi da shi. Rawaya ne shar, tun daga tushe har sama, yana ƙyalli.

Ya tsaya cak. Ya ce da Sarkin Magina, wanda ke gefe yana jiran yabo, "Malam, da me ka shafe bangon nan?"

Sarkin Magina ya ce, "Da me kuwa? Da katsin karofinka mana, kamar kullum."

Haka al'adar take tun kaka da kakanni. Katsi, wato laka da ke kwantawa a gindin ramin rini, magina ke kwashewa su toya su haɗa laso, shafen da ruwa ba ya ci. Sarkin Magina ya ci gaba da cewa, "Sai dai wannan karon babu lokacin toyawa, haka muka shafa shi. Tubali ma ya gaza mana, sai muka jera tukwanenka guda sittin a cikin bangon, cike da abin, muka bi da ƙasa. Ka ga yadda ya bushe ƙayau? Rana ta yi mana aiki."

Ya bushe. Kalmar ta daki Tunau a ƙirji. Rigar kwana uku ta yi a rana. Tukwanen rumfa mako guda suka yi a buɗe. Wanda ya kai fada kuwa yana ɗiga ya kai shi. Shekara arba'in yana koya wa mutane cewa rini ba ya aiki sai da ruwa, ashe wannan ɗan banzan sai ya bushe yake tashi.

Ya hango Jatau a cikin taro yana sharar hawaye. Ya so ya raɗa masa, amma ina ake raɗa da kurma? Dole ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa.

"Jatau! Ka gaya wa Madawaki kada kowa ya hau sabon bangon nan! Kada a taɓa shi! Ko tsinke kada a buga masa!"

Jatau ya kama kunne ya ce, "Wa ya mutu?"

"Bangon! Kada a taɓa shi! Ya bushe!"

Duk wanda ke ƙofar gabas ya ji, har da masu tallar fura. Manzon Kargo ma ya ji, ya yi murmushi ya ja linzami. Dogarai suka tura Tunau gaba, bai sami ganin ko saƙon ya shiga ba.

A sansanin Kargo aka kai shi gaban Bagwandi, wani ƙaton mutum mai dariya kamar ana mirgina turmi. Manzo ya faɗi ya ba da labarin abin da ya ji a ƙofa. Bagwandi ya buga cinya ya ce, "Madalla! Su da bakinsu suna cewa ko tsinke kada a buga masa. Marini, ka yi mini aiki tun ban sa ka ba."

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai an ba ka ni. Ba sai ka juya ba?"

"In juya? Na karɓi marini, yanzu saura karofin." Ya jawo wani farin ƙyalle daga ƙarƙashin buzunsa ya shimfiɗa. An zana ganuwar Gulbare a kai da gawayi, an yi alama a gabas. "Ina da masoyi a fadarku. Shekaranjiya ya aiko mini da wannan, ya ce ginin ɗanye ne, tukwane ne a cikinsa."

Tunau bai dubi zanen ba. Gefen ƙyallen ya duba, inda aka riƙe shi da hannu mai gumi. Sawun yatsu huɗu da babban yatsa, rawaya shar. Ko a cikin dubu zai gane launinsa.

Amma a lokacin ba wannan ne a gabansa ba. Ya dubi samarin da ke ɗaura ƙarfe a bakin wani gungumen giginya na fasa bango, ya ji tausayinsu ya kama shi, don 'ya'yan wasu ne su ma. Ya ce, "Sarkin Kargo, ka ji tsoron Allah ka ji maganata. Ni ba masoyinka ba ne, amma kada ka buga bangon can. Abin da ke cikinsa ba ya son duka. Duk wanda ya matsa kusa ba za a sami abin binnewa ba."

Bokan Bagwandi, wani tsoho mai ido ɗaya, ya matso ya ce shi ma bai ji daɗin yadda ungulaye suka bar birni suka dawo kan sansani ba tun jiya. Bagwandi ya ce ungulaye sun san mai ciyar da su ne. Tunau ya sake buɗe baki, ya kawo zancen fatake, ya kawo na bunsuru, har Bagwandi ya toshe kunne ya ce, "Kai, wannan da me Gulbare ta jure shi shekara arba'in? Ku ɗaure shi a tsamiyar can kan tudu ya sha kallo. Ku cusa masa ƙyallen nan a baki, na gama da shi."

Haka aka yi. Ƙyallen ɗaci kamar maɗaci, Tunau ya gane har ɗanɗanon rininsa ne.

Da rana ta take tsaka aka buga tambura. Mutum arba'in suka ɗauki gungumen, an rufa musu garkuwoyin fata. Bayansu dakaru, bayan dakaru dawakin lifidi sahu-sahu, suna jiran bango ya faɗi su kwarara cikin birni. Tunau ya ɗaga ido ya dubi sabon ginin. Mutane ne cike a kansa, sun jeru kafaɗa da kafaɗa. Ashe Jatau bai ji ba. Ya yi ta fisge-fisge, igiya ta ƙi, hawaye suka zubo masa.

Sai iska ta taso ta ɗaga rigar ɗaya daga cikinsu. Babu ƙafa a ƙarƙashi, sai gora. Tunau ya ƙura ido. Waccan shuɗiyar ai ta Liman ce, shi ya rina ta bara. Ta kusa da ita ta Sarkin Pawa ce, ga ma inda ya ƙone ta da garwashi. Kaf shanyar karofi ce aka kwaso aka sa wa gorori, aka naɗa musu rawuna. Da ba don ƙyallen ba, da dariyarsa ta isa birni.

Gungume ya ja baya, ya zo. Bugu na farko, ƙura ta zubo. Na biyu, laso ya tsage. Na uku kuwa, Tunau bai ji shi da kunne ba, a haƙarƙari ya ji shi. Wani haske ya tashi wanda ya sa rana ta zama kamar fitilar da mai ya ƙare mata, ƙasa ta yi tsalle, tsamiya ta zubar da 'ya'yanta kaf a kansa. Hayaƙi rawaya ya miƙe sama, rigunan Gulbare na yawo a cikinsa kamar shirwa.

Masu gungume, Allah ya ji ƙansu, Tunau dai ya yi gargaɗi. Sauran rundunar kuwa ba mutum ne ya kore ta ba. Dawakin nan an horar da su da ƙarar tambura da kururuwar maza, amma ba wanda ya taɓa horar da su da wannan. Suka juya a guje, lifidi da nauyinsa, suka bi ta kan dakaru, suka bi ta kan bukkoki, suka watsa tukwanen abinci. Dokin Bagwandi ya ɗauke shi ya nufi kogi, yana ja yana zagi, doki bai tsaya ba sai da ya juye shi a cikin laka. Daidai nan ƙofar arewa ta buɗe, Madawaki ya fito da mayaƙansa, kowane doki an cusa masa auduga a kunne. Kafin la'asar an kamo Bagwandi ba takalmi, ba rawani.

Jatau ne ya hau tudu ya kwance amininsa. Ya ce da ƙarfi, "Ni ban ji abin da ka ce ba! Matar da ke tallar fura ce ta gaya wa Madawaki!" Tunau ya zare ƙyallen daga bakinsa, ya tofa, ya ninke shi da kyau ya sa a aljihu.

Sarki Cindo bai jira a fada ba. A bakin giɓin ya zauna, kan wani dutse, giɓin da yanzu ya kai taki hamsin. Ya daɗe yana duban ramin. Sannan ya ce, "Kakannina sun yi shekara talatin suna tara ƙasar nan. Daga yau ganuwa ƙasa ce kawai, tawa da ta kowa. Wanda ya dogara da bango ko da doki, zamaninsa ya wuce a gabanmu yau da rana."

Madawaki ya ce, "Zaki, ta Kargo ma ƙasa ce. Sarkin Karofi, tukunya nawa za ka iya yi kafin kaka?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa riga na so in rina."

Ana cikin haka Galadima ya iso cikin sabuwar farar riga, gemu an aske shi ƙwal, hannuwa a naɗe cikin hannun riga. Ya faɗi ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki nasara! Ai ni na ce a kwashe rinin nan daga ramuka. Da ban faɗa ba, da magina ba su same shi ba."

Sarki ya ce, "Haka ne, Galadima. Sarkin Karofi, mun zalunce ka, mun kuma ci arzikinka. Faɗi abin da kake so."

Tunau ya durƙusa ya ce, "Zaki, abu ɗaya ne. An yi mini dariya a fada, an ce rinina na banza ne. Ina so a shaida aikina a gaban jama'a." Ya fito da ƙyallen ya shimfiɗa a gaban Sarki, ga zanen ganuwa, ga alamar gabas, ga sawun yatsu biyar. "A shimfiɗar Bagwandi na samo shi, ya ce masoyinsa na fada ne ya aiko. Bagwandi yana can ɗaure, a tambaye shi. Ni dai na san mutum uku ne rinin nan ya taɓa hannunsu a fada. Ga nawa. Jatau, nuna naka."

Sai da aka yi masa nuni sannan Jatau ya miƙa nasa. Aka gwada, na Tunau sun yi gajarta, na Jatau kuwa kowane yatsa ya yi biyun sawun.

Sarki ya juya a hankali ya ce, "Galadima, zafi ake yi. Fito da hannunka ya sha iska."

Galadima ya dubi dama, ya ga Madawaki. Ya dubi hagu, ya ga Sarkin Dogarai ya riga ya matso. Ya zaro hannuwan. Kwana bakwai yana dirzarsu da toka da sabulun salo da dutsen goge kaushi, har fata ta saɓule, amma suna nan rawaya shar kamar yanzu aka tsamo su daga rami.

Dogarai suka kama shi ta hannuwan nan biyu. Tunau ya bi su da kallo, fuskarsa cike da annuri, ba don Galadima ba, ba ma don kansa da ya tsira ba. Ya jawo Jatau ta wuya, ya kafa baki a kunnensa, ya kwarara ihun da har Bagwandi ya ji daga inda yake ɗaure.

"Ka gani ko? Na gaya maka ba ya koɗewa!"